Mai koyon Turanci: da nahawu zai fara ko da tara kalmomi?

Nafisa: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya daɗe yana damuna. Na ƙuduri aniyar gyara Turancina daga tushe, domin ina iya karanta gajeren saƙo in fahimta, amma idan aka ce in rubuta jimla uku a jere, ko in ba da amsa da baki, sai in rasa ta inda zan kama. Na sami shawara iri biyu masu karo da juna. Wasu sun ce in nemi littafin nahawu in bi shi babi-babi har in sauke kafin in buɗe baki, wasu kuma sun ce nahawu ɓata lokaci ne ga mai farawa, in dai haddace kalmomi da yawa, sauran zai zo da kansa. Wanne ya kamata in sa a gaba?

Sagir: Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Ni dai ina tare da masu cewa kalmomi ne farko, kuma ina da hujja. Wanda ya san kalmomi amma nahawunsa ya karkace, za a fahimce shi ko da da ƙyar ne, wanda kuwa ya haddace dokoki bai da kalmar da zai zuba a cikinsu, shiru kawai zai yi. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne, adadin da ake bukata da farko bai kai yadda mutane suke tsoro ba. Tun a 1953 wani malamin Turanci ɗan Ingila mai suna Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 waɗanda suka fi yawan fitowa a harshen, kuma binciken da aka yi daga baya, musamman na Paul Nation na ƙasar New Zealand, ya nuna cewa kalmomi 2,000 na farko tare da rassansu suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum, a hira ta baka kuwa kason ya fi haka. Sai wanda yake son karanta jarida ko littafin labari ba tare da yawan duba ƙamus ba ne zai bukaci tsakanin 8,000 zuwa 9,000. Saboda haka ki fara da dubu biyun nan, ki bar manyan kalmomin da ake burge jama'a da su sai nan gaba.

Malam Habibu: Sagir, alƙaluman da ka kawo gaskiya ne, amma ka duba waɗanne kalmomi ne suke saman wannan jeri. Kalmar da ta fi kowace yawan fitowa a Turanci ita ce "the", sannan ga irin su "of", "and", "to", "a" da "in". Babu ɗaya daga cikinsu da za ka rubuta a kati ka sa ma'anarta ta Hausa a baya ka ce ka koye ta, domin aikinsu na nahawu ne, a cikin jimla kaɗai ake ganinsa. Ke nan jerin da ka kafa hujja da shi ma ya tilasta wa mai koyo ya shiga nahawu tun ranar farko.

Abin da nake ba ɗalibaina shawara, Malama Nafisa, shi ne kada ki bi littafin nahawu daga bango zuwa bango. Bahaushe yana da abubuwa da yawa a hannu tun kafin ya fara. Tsarin jimlar Turanci shi ne aikau (mai yin aiki), sai aikatau (kalmar aikin), sai karɓau (abin da aikin ya faɗa wa), haka ma Hausa: "Yaro ya sayi littafi" da "The boy bought a book" a kan layi ɗaya suke tafiya. Wanda harshensa Jafananci ne ko Turkanci, inda aikatau yake zuwa a ƙarshe, sai ya sha wahala a nan, ke kuwa kin huta. Ƙarfinki ki adana shi domin wuraren da harsunan biyu suka raba hanya, kuma waɗannan wurare sanannu ne.

Na farko da nake so ki lura da shi: a Hausa, lokacin da aiki ya faru yana bayyana ne a jikin ɗan ƙaramin wakilin sunan da ke gaban aikatau. Muna cewa "ya tafi", "yana tafiya", "zai tafi", "yakan tafi". Turanci kuwa a jikin aikatau ɗin kansa yake sa alamar, ko ya kawo masa mataimaki: "went", "is going", "will go", "goes". Daga nan ne kuskuren nan da ya zama ruwan dare yake fitowa, inda ɗalibi zai rubuta "Musa he went", domin a kansa yana jin "Musa ya tafi" kuma yana neman gurbin "ya". A Turanci idan an ambaci suna ba a sake biyo shi da wakilinsa, "Musa went" ya wadatar.

Nafisa: Na gode, Malam, Allah ya ƙara sani. Wannan bayani na "ya" ya warware mini abu guda. Amma batun lokuta shi ne ya fi rikita ni, musamman bambancin "I ate" da "I have eaten". Duk wanda na tambaya sai ya ce duka biyun "na ci" suke nufi.

Hajiya Rakiya: 'Yata Nafisa, ba su yi ƙarya ba, amma sun tsaya a rabin hanya. Na daɗe ina koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci da kuma ajin share fagen Turanci, kuma a wannan gaɓar ce mafi yawansu suke karaya, alhali lamarin yana da saukin kamawa idan aka bi ta hanyar tambaya. Ki tambayi kanki: shin na faɗi lokacin da abin ya faru, kuma lokacin ya riga ya wuce? Idan akwai "yesterday", ko "last week", ko "in 2019", ko "two days ago", to siga ta farko za ki ɗauka, ki ce "I saw him yesterday". Haɗa "have" da irin waɗannan kalmomi kuskure ne, ba a cewa "I have seen him yesterday". Idan kuwa abin da ya dame ki shi ne sakamakon aikin a yanzu, ba ranar da ya faru ba, to sai ki ɗauki "have". Wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana lalube aljihu zai ce "I have lost my key", ma'ana har yanzu makullin bai hannunsa. Wanda yake ba da labarin abin da ya same shi a watan jiya, ko da ya riga ya tsinci makullin, zai ce "I lost my key last month".

Akwai kuma wuri na biyu da wannan siga ta "have" take aiki, wanda Hausa take bi ta wata hanya dabam. Mu muna cewa "ina zaune a nan tun 2015", da sigar lokaci mai ci, sai ɗalibi ya kwafa ya ce "I am living here since 2015". Daidai shi ne "I have lived here since 2015" ko "I have been living here since 2015". A nan ki riƙe cewa "since" tana tafiya da mafarin lokaci, wato shekara ko rana ko ƙarfe kaza, "for" kuma tana tafiya da tsawonsa, kamar "for ten years".

Aminu: Ina so in ɗora a kan maganar Hajiya. Wahalar shuɗaɗɗen lokaci ba ta tsaya ga zaɓen siga ba, akwai aikatau masu bauɗewa daga doka. Dokar ita ce a ƙara "ed" a ƙarshe, kamar "work" ta koma "worked", amma akwai aikatau kusan 200 da ba sa bin wannan, kuma su ne aka fi amfani da su: "be", "have", "do", "say", "get", "make", "go", "know", "take", "see", dukansu masu bauɗewa ne. Wannan wuri ne da haddar Yaya Sagir take da amfani sosai, domin babu dokar da za ta nuna maka cewa "go" za ta zama "went". Sai dai a haddace su uku-uku, "go, went, gone", "see, saw, seen", "write, wrote, written", kuma a fara da hamsin ɗin da suka fi yawan fitowa.

Sagir: To ka ga, Malam Habibu, Aminu ya dawo da mu inda na tsaya. Ban ce a jefar da nahawu ba, cewa na yi ba shi ne abin da ya fi hana mutane magana ba. Kuma ina so in fayyace abin da nake nufi da haddar kalmomi, kada a ɗauka jera kalma da fassararta nake nufi. Kalmar Hausa ɗaya takan rabu gida-gida a Turanci. Ɗauki "ji": muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin Larabci. Turanci yana da "hear", "smell", "feel" da "understand", kowace da wurinta, shi ya sa idan mutum ya ce "I am hearing a smell" ko "I don't hear French", Bahaushe ɗan'uwansa zai gane, wani kuwa zai yi sororo. Haka "sha": ana "drink water", amma ana "take medicine". Haka aro, inda mai karɓa yake "borrow", mai bayarwa yake "lend", don haka "borrow me your pen" ba daidai ba ne, "lend me your pen" ake cewa. Duk waɗannan ba littafin nahawu ne zai koya maka su ba, sanin kalma ne tare da abokan tafiyarta. Ana cewa "make a mistake" amma "do your homework", alhali duka biyun "yi" ne a wurinmu.

Malam Habibu: Idan haka kake nufi, to tazarar da ke tsakaninmu ta ragu ƙwarai, domin wanda ya koyi "lend me your pen" a dunƙule ya koyi kalma, ya kuma koyi inda karɓau biyu suke zama a jimla. Inda har yanzu ban yarda da kai ba shi ne cewa sauran zai zo da kansa. Akwai abubuwan da mutum zai shekara ashirin yana jin Turanci bai kama su ba, muddin ba a nuna masa ba. Misali mafi kusa shi ne ɗan harafin "s" da ake liƙa wa aikatau idan mai aikin mutum ɗaya ne da ake magana a kansa: "I work", "they work", amma "she works". Kunne ba ya damuwa da shi saboda ma'ana ba ta canzawa, amma mai duba takardar jarrabawa ko takardar neman aiki yana ganinsa nan take. Haka kuma tambaya da korewa. A Hausa muna iya barin jimla yadda take mu ɗaga murya kawai, ko mu sa "shin" ko "ko", Turanci kuwa yana kawo "do". Kuma da zarar "does" ko "did" ta shigo, ita ce take ɗauke alamar, aikatau ya koma sigarsa ta asali: "Does she work?", "He did not go". Rubuta "He did not went" sa alama sau biyu ne. Wannan doka ce ta minti biyar, amma sai an faɗa wa mutum.

Zainab: Malamai, ku gafarce ni in shigo da tawa matsalar, domin tana da alaƙa da koyon kalmomi. Ni nakan haddace kalma daga littafi, in san ma'anarta da rubutunta, amma idan na ji ta a bakin wani ba na gane ita ce. Me ya sa rubutun Turanci bai dace da furucinsa ba kamar yadda namu na boko ya dace?

Aminu: Yaya Zainab, dalilin na tarihi ne. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44, don haka tun farko haruffan ba su isa ba. Sannan bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci masu yawa sun kwararo cikin harshen da salon rubutunsu. Daga baya William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara daidaituwa, a daidai zamanin da furucin dogayen wasula yake cikin wani babban sauyi da ya ɗauki ƙarnoni. Rubutu ya tsaya, baki ya ci gaba da tafiya. Shi ya sa "k" ɗin "knife" da "gh" ɗin "night", waɗanda a da ake furta su, yanzu suke nan a rubuce ba a faɗarsu, kuma shi ya sa "though", "through", "tough" da "cough" suke da ƙarshe iri ɗaya amma kowace da nata furucin.

Maganin shi ne kada ki taɓa koyon kalma da ido kaɗai. Ƙamusoshin intanet na masu koyo, irin na Oxford da Cambridge da Longman, suna da maɓallin da za ki danna ki ji furuci, sai ki maimaita da ƙarfi kafin ki rubuta ta. Kuma mu Hausawa akwai wurare uku da ya kamata mu sa wa ido. Na ɗaya "p" da "f", domin a Hausa sauti ɗaya ne yake ɗaukar duka biyun, a Turanci kuwa "pan" da "fan", ko "pull" da "full", kalmomi ne mabambanta. A "p" leɓɓa biyu suke haɗuwa su buɗe, a "f" haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Na biyu "th", wanda ake sa kan harshe tsakanin haƙora, kada "think" ta koma "sink". Na uku baƙaƙe masu cunkoso, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, sai mu cusa wasali a tsakani, "school" ta zama "sukul".

Hajiya Rakiya: Aminu ya yi bayani mai kyau, amma ina roƙon kada a tsorata masu koyo da batun furuci. Manufar ita ce a fahimce ka, ba wai ka koma kamar haifaffen Landan ba. Mutanen Indiya da na Amurka da na Ostareliya kowa da irin lafazinsa, kuma duk Turanci suke yi. A gyara abin da yake canza ma'ana, kamar "p" da "f", sauran a bar wa lokaci.

Game da mantuwa kuma, wadda ita ce babbar abokiyar gabar mai hadda, tun 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bita da ake yi da tazara tana rage wannan zubewa. Don haka kalma goma a rana, a sake duba su gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, ta fi kalma ɗari a zama ɗaya. Kowace kalma kuma a rubuta ta cikin jimlar da ta shafi rayuwar mai koyon, domin ita ce take zama a kai.

Nafisa: Na fahimta, Hajiya. Bari in gwada abin da kuka koya mini, ku duba mini waɗannan jimloli: "My sister is teacher. She work in a school since three years. Yesterday she gave me an advice and I have bought the new dictionary."

Malam Habibu: Madalla, wannan shi ne abin da ya kamata mai koyo ya riƙa yi, kuma tsarin jimlolinki lafiya lau yake. Ki lura ma kin sa "new" a gaban "dictionary", wanda shi ne daidai, domin sifa a Turanci galibi tana gaban suna, ba kamar Hausa da za a ce "sabon ƙamus" ko "ƙamus sabo" ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Jimla ta farko tana bukatar "a": "My sister is a teacher". Suna tilo wanda ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa shi kaɗai a Turanci, dole a sa masa "a" ko "an" ko "the" ko wani abu kamar "my". Zaɓi tsakanin "a" da "an" kuwa sauti yake bi, ba harafi ba, shi ya sa ake cewa "an hour" saboda ba a furta "h" ɗin, amma "a university" saboda da sautin "y" take farawa.

Jimla ta biyu ta faɗa daidai inda Hajiya ta yi gargaɗi. Aikin ya fara a baya kuma yana ci gaba, sannan shekara uku tsawon lokaci ne, don haka: "She has worked in a school for three years". Ki ga yadda "have" ta koma "has" saboda "she".

A ta uku akwai abubuwa uku. "Advice" tana cikin sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa, tare da "information", "furniture", "luggage" da "equipment". Ba a sa musu "a" ko "an", ba a kuma yi musu jam'i, duk da cewa mu muna cewa shawara da shawarwari. Sai ki ce "some advice" ko "a piece of advice". Sannan tun da kin fara da "yesterday", "I bought" za ki ce. Sai kuma "the". A nan Hausa za ta taimake ki, domin muna da abin da ya yi kama da ita, wato "n" ko "r" da muke liƙawa a ƙarshen suna idan an riga an san abin da ake nufi. Muna cewa "na sayi ƙamus", daga baya mu ce "ƙamus ɗin yana da kyau", ko "na ga mota" sannan "motar baƙa ce". Ambato na farko "a" ne, na biyu "the". Tun da yanzu ne muka fara jin labarin ƙamus ɗinki, "a new dictionary" ya dace. Jimlar za ta zama: "Yesterday she gave me some advice and I bought a new dictionary".

Sagir: Ki kuma duba ƙamus ɗin da kika saya, Malama Nafisa. Idan na masu koyo ne, za ki ga harafin "U" a gefen "advice" da "C" a gefen "teacher", wato marar ƙirguwa da mai ƙirguwa. Daga yau duk sunan da kika rubuta a littafin haddarki ki sa masa wannan alamar.

Nafisa: Na duba, alamar tana nan kamar yadda ka faɗa. Saura "in", "on" da "at", domin duka ukun da "a" ta Hausa nake fassara su.

Hajiya Rakiya: Fara da na lokaci, 'yata, shi ya fi tsari. "At" ta ƙarfe ce, kamar "at six o'clock". "On" ta rana ce ko kwanan wata, kamar "on Monday" da "on 5 May". "In" kuma ta wata ce da shekara, kamar "in May" da "in 2024". Ana cewa "in the morning" da "in the evening", amma "at night", wannan sai a riƙe shi yadda yake. Ki rubuta jimla shida a kan abin da kika yi a makon jiya, biyu da kowace ɗaya, duka a shuɗaɗɗen lokaci, ki turo su nan gobe mu duba kafin mu shiga na wuri.